WALIYYI CHARLES DE FOUCAULD: BAƘON DA ABZINAWA SUKA RAYA DA NONON AWAKI



Ran 1 ga watan Disamba na kowace shekara Ikkilisiya takan tuna da wani firist Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, wanda za mu riƙa kira Ɗan'uwa Sharl a wannan shafi, gama haka ake faɗin sunansa, shi kuma da sunan ɗan'uwa ya fi so a san shi. Shekara 11 ya yi a cikin Abzinawan Ahaggar, can kudancin ƙasar Aljeriya. A cikin shekarun nan bai yi wa ko mutum ɗaya daga cikinsu baftisma ba, bai gina makaranta ko asibiti ba, kuma ƙungiyar zuhudun da ya yi ta rubuta wa dokoki babu wanda ya zauna a cikinta yana raye. In da yawan tubabbu kaɗai ake auna mai aikin bishara, da sai mu ce wannan bawan Allah ya yi wahalar banza. Duk da haka Ikkilisiya ta sa shi cikin waliyyai. Abin da ya bari a hamada aminai ne, dukansu kuwa Musulmi, waɗanda suka yi jiyyarsa da ya kwanta ciwo, suka kuma yi kukansa da ya rasu. Yadda ya same su shi ne abin da za mu duba a wannan wata.

ƘURUCIYA DA ƁATA

An haife shi ran 15 ga Satumba 1858 a birnin Strasbourg, a gidan sarauta da dukiya. Bai cika shekara 6 ba uwa da uba suka rasu a shekara guda, 1864, sai kakansa na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Marie ya riƙe su. Tsohon ya ƙaunace su ƙwarai, amma ya sake wa yaron linzami. Yana da shekara 16 ya bar bangaskiya gaba ɗaya, ya kuwa yi shekara 12 ba ruwansa da Allah.

Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876. Da kakansa ya rasu a 1878 ya gaji kuɗi mai yawa, ya shiga watsa su a ci da sha da shagali, har da ya gama makarantar sojan doki shi ne na ƙarshe a ajinsu. Aka tura shi Aljeriya, ya tafi da wata mace da ba matarsa ba, manyansa suka ce ya sallame ta ya ƙi, aka dakatar da shi a 1881. Da ya ji abokansa suna fagen fama sai ya roƙa a mai da shi, aka tura shi kudancin Oran. A can aka ga wani mutum dabam, mai jimrewa da kula da na ƙasa da shi, a can kuma ya san wani hafsa mai suna Henri Laperrine, wanda zai sake shiga rayuwarsa bayan shekara 20.

MAROKO: ALHERIN FARKO

A 1882 ya ajiye aikin soja domin ya shiga Maroko, ƙasar da a zamanin nan Bature ba ya ratsa cikinta ya fito lafiya. Ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani malaminsu na ainihi mai suna Mardoshe ya zama jagoransa. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 suka yi tafiyar wajen kilomita 3,000, yana auna hanya a ɓoye yana rubutawa a ɗan littafin da ke tafin hannunsa. Da ya komo aka ba shi lambar zinariya a Faris saboda taswirar da ya zana.

Abu biyu ya ɗauko daga wannan tafiya waɗanda ba su shiga taswira ba. Na fari, akwai waɗanda suka gane shi Kirista ne, Musulmi da Yahudawa, suka rufa masa asiri alhali kuwa kansu suke sawa cikin hatsari. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji Bu Rihim na garin Tisint, ya sauke shi a gidansa, da guzurinsa ya ƙare kuma ya raka shi har bakin teku. Na biyu, ya ga mutane suna tsayawa sau biyar a yini, ko a kasuwa ko a tsakiyar daji, suna sa goshi a ƙasa. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa ganin ibadar Musulmi ne ya girgiza shi, ya sa ya fara tunanin akwai abin da ya fi sha'anin duniya girma. Ya kamata mu riƙe wannan: sallar Musulmi ce Allah ya yi amfani da ita ya farkar da wannan ɓataccen ɗa.

TUBA DA NAZARAT

A Faris ya zauna kusa da danginsa. 'Yar gwaggonsa, Marie de Bondy, ba ta yi masa wa'azi ba, halinta kawai yake gani. Ya riƙa shiga coci yana zama, yana roƙon Allah, in dai akwai shi, ya bayyana masa kansa. A ƙarshen Oktoba 1886 ya je cocin Waliyyi Agustin wurin Fada Henri Huvelin, da nufin a yi masa bayanin addini. Fada ya ce masa ya durƙusa ya faɗi zunubansa, sa'an nan ya aike shi ya karɓi Jikin Ubangiji nan take. Tun daga wannan safiya bai sake waiwaya ba.

Ziyarar da ya kai Ƙasa Mai Tsarki ta sa zuciyarsa ta manne wa abu guda, watau shekaru 30 da Yesu ya yi a Nazarat yana aikin hannu a cikin maƙwabta, ba wanda ya san ko shi wane ne. A Janairu 1890 ya shiga ƙungiyar zuhudu ta Tarafis, ya nemi a kai shi gidansu mafi talauci, a Akbes, ta wajen Suriya. Bayan shekara 7 aka ba shi izini ya fita, ya tafi Nazarat ya zama ɗan aiken Sistocin Waliyyiya Kilara, yana kwana a 'yar bukkar ajiye kayan lambu. Ran 9 ga Yuni 1901 aka naɗa shi firist a Viviers ta Faransa, yana da shekara 42. Ya roƙa a bar shi ya tafi inda babu firist ko ɗaya, tunaninsa kuwa ya koma ga mutanen da suka yi masa alheri a Maroko.

BENI ABBAS: MAI BAYARWA

Ƙofar Maroko a rufe take, saboda haka a Oktoba 1901 ya sauka a Beni Abbas, wani gari mai dabino kusa da iyakarta, inda sojan Faransa ke da bariki. Ya gina ɗan ɗakin sujada da ɗakunan baƙi da laka, ya sa wa wurin suna gidan 'yan'uwantaka. Yana sanye da farar riga mai jar zuciya da gicciye a ƙirji. Burinsa shi ne Kirista da Musulmi da Bayahude kowa ya ɗauke shi ɗan'uwa. Mutum 60 zuwa 100 sukan zo ƙofarsa a yini: matafiya, marasa lafiya, sojoji, mabarata da bayi. Ya ga ana sayar da mutane a ƙarƙashin tutar Faransa, hukuma ta kau da kai don kada ta ɓata wa manyan gari rai. Ya yi ta rubuta wa shugabansa, Monsinyo Guérin, wasiƙu masu zafi a kan haka, ya kuma fanshi waɗansu bayi da kuɗin da danginsa ke aiko masa. Ɗaya daga cikinsu, Paul Embarek, shi ne zai shaida rasuwarsa.

Aiki ne mai kyau, babu shakka. Amma in mun lura, a Beni Abbas hannunsa ne kullum a sama. Shi ke ba da sha'ir da dabino da magani, su kuma su karɓa su yi godiya su tafi. Mutum yana iya ciyar da gari guda ba tare da ya yi amini ko ɗaya a cikinsa ba.

TAMANRASAT

Laperrine, wanda ya zama babban kwamandan yankin hamada, shi ya gayyace shi zuwa kudu, ƙasar Kel Ahaggar. Waɗannan 'yan'uwan Abzinawan da muka sani ne, masu rawani da amawali, harshensu kuma reshe ne na Tamashek. Ayarinsu kan ɗauko gishirin Amadror su gangaro da shi har Damargu, arewa da Damagaram, su musanya da gero. Ba su daɗe da shan kashi a hannun Faransawa ba, a yaƙin Tit na Mayu 1902, jinin 'ya'yansu bai gama bushewa ba. Shugabansu, wanda suke kira Amenokal, mu kuwa za mu ce Tambari, shi ne Musa ag Amastan, watau Musa ɗan Amastan, jarumi, mawaƙi, kuma Musulmi mai riƙo da addini. A 1904 ya yi sulhu da Faransawa domin ya tsirar da sauran jama'arsa.

Suka haɗu a Yuni 1905. Musa ya yarda baƙon ya zauna a ƙasarsa, ya kuma ɗauki amanar tsaronsa. A Agusta Ɗan'uwa Sharl ya sauka a Tamanrasat, wadda a lokacin bukkoki wajen 20 ne na manoma talakawa a bakin wani busasshen rafi. Ya gina ɗaki mai tsawon mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba, rabi wurin sujada, rabi wurin kwana da rubutu. Barikin Faransawa mafi kusa yana In Salah, tafiyar kusan kilomita 700.

Shekarun farko sun yi masa nauyi. Mutane sukan zo su karɓi allura da magani, su gaishe shi da ladabi, amma a ransu shi kafiri ne, ɗan'uwan waɗanda suka ci su da yaƙi. A 1906 Paul ya tafi ya bar shi. Dokar Ikkilisiya a wancan zamani ba ta yarda firist ya yi Misa shi kaɗai ba sai da mai taya shi, saboda haka mutumin da ya shiga hamada domin ya kai Jikin Ubangiji inda babu shi, sai ga shi wata da watanni ba Misa. Abokinsa Motylinski, masanin harsuna da ya zo taya shi aiki, ya koma arewa ya rasu a 1907. Kirsimetin shekarar nan ya yi ta shi kaɗai, ba Misa, ba baƙo, ba wasiƙa.

SHEKARAR FARI

Ga kuma fari. Wata 17 ba a ga ruwan sama ba. Makiyaya suka kora raƙumansu zuwa kudu neman ciyawa, aka bar mata da yara da tsofaffi da 'yan awaki ramammu. Mutanen da nono ne abincinsu suka wayi gari ba nono. Ɗan'uwa Sharl ya buɗe rumbunsa ya yi ta rabo har ya ƙare, ya rage cin abinci, bai kuwa rage aiki ba. A farkon Janairu 1908 jikinsa ya ƙi. Ba ya iya tashi, numfashi na yanke masa, ya rubuta a littafinsa cewa yana ganin ƙarshe ya zo. Yana da shekara 49, ba shi da tubabbe ko ɗaya, ba almajiri, ba abin da zai sake bayarwa.

A nan ne al'amarin ya juya. Maƙwabtansa, waɗanda 'ya'yansu ke kwana da yunwa, suka bazu cikin duwatsu har nisan kilomita 4 ta kowace fuska, suna neman duk akuyar da ta rage da ɗan nono a hantsarta. Abin da suka tatso suka haɗa suka kawo masa, yau da gobe, har ya farfaɗo. Musa kuma ya aika wa Laperrine da labari, aka turo raƙuma da abinci. Ran 31 ga watan nan takarda ta iso cewa Paparoma ya ba shi izinin yin Misa shi kaɗai.

'Yan'uwa, mu dakata a nan kaɗan. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye a shekarar yunwa ya san darajar ƙoƙon nono guda. Mutanen nan ba su ba shi daga rararsu ba, daga bakin 'ya'yansu suka cire. Ba su kuma yi haka don ya shiga addininsu ko su shiga nasa ba. Baƙonsu ne, maƙwabcinsu ne, yana mutuwa, shi ke nan. Shi kuwa ɗan sarautar nan da ya zo da niyyar ya yi musu alheri, dole ta sa ya miƙa hannu ya karɓa, ya zama mai bashin rai a wurinsu. Waɗanda suka yi nazarin rayuwarsa sukan kira wannan ciwo tubarsa ta biyu. Tun daga lokacin zumuncin ya zama na ba ni in ba ka. Ubangijinmu ma, a bakin rijiyar Samariya, da roƙon ruwan sha ya buɗe magana da matar nan, kafin ya ambaci abin da shi zai ba ta.

AMINANSA

Bayan wannan shekara zamansa ya canja. Ya sassauta dokokin da ya ɗaura wa kansa, ya riƙa zama hira, yana dariya, yana zuwa rugage gaisuwa, gama zumunci a ƙafa yake. Ya koya wa mata saƙa da ƙwarashi, ya kawo irin kayan lambu, ya shiga sasanta rigingimu. Suna kiransa malamin Kirista. A wata wasiƙa ta 1913 ya ambaci mutum huɗu da ya ce zai iya dogara gare su a kan kome: Uksem ag Ugar shugaban zuriyar Dag Gali, da ɗan'uwansa Abahag, da wani dattijo mai suna Shikat, da ɗansa wanda shi ma Uksem ne sunansa. Ya bayyana cewa ba da kyauta ya saye su ba. Sun gane yana ƙaunarsu kuma za su iya amince masa, sai suka sāka masa da irin abin da ya yi musu.

Tsakaninsa da Musa kuwa abota ce ta manya biyu, kowa da ra'ayinsa. Ɗan'uwa Sharl yakan ba shi shawara ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ya rage fadawa masu cin dukiyarsa, ya biya bashi, ya yi wa talaka adalci, ya ƙaunaci Allah fiye da kome. Musa yakan saurara, ya ɗauki abin da ya ga dama. Shi almajirin wani babban shehi ne na Kunta, burinsa kuma ya ƙarfafa Musulunci a Ahaggar, ya gina masallaci a Tamanrasat. Wannan bai yi wa Ɗan'uwa Sharl daɗi ba, amma bai raba su ba. A 1910 Musa ya ziyarci Faransa, ya sauka a gidan Marie ƙanwar abokinsa, ya ga benaye da lambuna. A hanyarsa ta komowa ya rubuto masa yana mamakin yadda mai irin wannan gida zai zauna a Tamanrasat kamar miskini. A 1913 shi kuma ya ɗauki saurayin nan Uksem ɗan Shikat ya kai shi Faransa, suka yi watanni suna zaga danginsa gida gida, kamar yadda mutum kan kai amininsa ya ga tushensa. Uksem ya komo Musulmi kamar yadda ya tafi. An kuma ba da labari cewa waɗansu matan Ahaggar sukan yi masa addu'a Allah ya sa ya musulunta, don suna baƙin cikin a ce mutumin kirki irin wannan ya rasa Aljanna. Shi ma fatan da yake yi musu ke nan ta tasa fuskar. Kowane ɓangare yana so wa ɗayan abin da ya fi daraja a wurinsa, ba kuwa wanda ya tilasta wa wani.

Babbar shaidar ƙaunarsa ita ce wahalar da ya sha a kan harshensu. Da fari ya ɗauka aikin 'yan watanni ne, don share wa masu bishara na gaba hanya, sai aikin ya cinye sauran rayuwarsa. Yakan yi kusan awa 11 a yini tare da Ba Hammu, magatakardan Musa, suna bin kalma ɗaya ɗaya. A lokacin fari yakan biya ɗan tsabar kuɗi a kan kowane baitin waƙa da aka kawo masa, ta haka mai yunwa ya sami abin sayen hatsi ba tare da ya yi bara ba. Dasin, shahararriyar mawaƙiyar Ahaggar, 'yar'uwar Musa, gwanar goge mai tsirkiya ɗaya da suke kira imzad, tana cikin waɗanda suka taimake shi. Ya tara waƙoƙi 575, baiti wajen 6,000, na yaƙi da na bege da na raƙuma, ya fassara su. Ƙamus ɗinsa na harshen Ahaggar da Faransanci ya haura shafi 2,000, an buga shi cikin littafi 4 a 1951 da 1952, masana kuma ba su daina komawa gare shi ba. Ya ma nemi kada a sa sunansa a kan aikin. Mutum ba ya ba da shekara 10 ga waƙoƙin mutanen da ya raina.

INUWAR MULKIN MALLAKA

Ba za mu ɓoye wani gefe na tarihin nan ba, gama waliyyi ba ya bukatar a yi masa ƙarya. Ɗan'uwa Sharl Bafaranshe ne na zamaninsa, tsohon hafsa kuma. Bayan sojoji ya bi ya shiga Ahaggar. Ya gaskata cewa mulkin Faransa zai iya zama alheri ga mutanen hamada, yakan rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar, yana ba su shawara. Gaskiya ne ya tsawata wa masu zalunci a cikinsu, ya kuma yi gargaɗi cewa in Faransa ta ci gaba da danniya da cin amfanin mutane, wata rana za a kore ta. Amma bai ga cewa mallakar ƙasar wani ita kanta ɓarna ce ba. Aminansa sun san da wannan duka, sun san ɗan wane ne, suka kuma riƙe shi. Wannan ya ƙara nuna girman zuciyarsu, ya kuma tuna mana cewa mai aikin bishara yakan tafi da kayan ƙasarsu a kansa, har da waɗanda bai san yana ɗauke da su ba.

RASUWARSA

Yaƙin Duniya na Farko ya iso hamada. 'Yan Sanusiyya daga Libiya suka ɗaga tutar yaƙi da Turawa, ƙabilu da yawa suka bi su. Aka ba Ɗan'uwa Sharl shawara ya koma barikin soja da aka gina kilomita 50 daga Tamanrasat, ya ƙi barin maƙwabtansa. Ya gina wata 'yar ganuwa ta laka mai rijiya a ciki, inda talakawan gari za su fake in hari ya zo, ya koma cikinta a Yuni 1916. Hukuma ta ajiye hatsi da bindigogi a wurin. Ran 28 ga Nuwamba ya rubuta cewa ya gama aikin waƙoƙi.

Ran Jumma'a 1 ga Disamba 1916, da magariba, mahara wajen 40 suka kewaye ganuwar. Suka sa wani mutum da ya sani, wanda ya sha cin alherinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wasiƙu ya kawo. Da ya miƙo hannu suka fizgo shi waje, suka ɗaure shi a durƙushe, suka sa wani yaro ɗan shekara 15 ya tsare shi da bindiga, su kuma suka shiga kwasar kaya. Ga alama garkuwa suka so yi da shi. Ana cikin haka sai ga sojoji biyu Larabawa a kan raƙuma, aka yi ta harbi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58. Washegari mutanen gari suka binne shi kusa da sojoji uku Musulmi da maharan suka kashe. A cikin watan nan ne Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, tashin da ya girgiza ƙasar Abzin har zuwa Maris 1917.

Da labari ya kai wa Musa, sai ya aika wa Marie takardar ta'aziyya. Ya gaya mata duniya ta yi masa duhu, ya yi kuka mai yawa, kuma malamin nan ba nasu ne su kaɗai ya rasu ba, na Abzinawa ne duka. Ya roƙi Allah ya ji ƙansa, ya kuma sada su a Aljanna. Sarki Musulmi ke nan yake wa firist Katolika wannan addu'a. Bayan mako uku wani hafsa ya tsinci Gurasa Mai Tsarki a cikin ɗan mazubinta, yashe a rairayi a ɗakin da aka wawashe.

BAYAN RASUWARSA

Ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta tsiro daga baya. Littafin tarihinsa da René Bazin ya wallafa a 1921 ya ratsa ƙasashe. A 1929 aka mai da ƙasusuwansa El Goleya. A 1933 Fada René Voillaume ya kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 kuma Sista Magdeleine ta kafa Ƙananan Sistocin Yesu, ita ma a cikin makiyaya Musulmi na hamadar Aljeriya ta fara. Tafarkinsu shi ne su zauna a unguwar talakawa, su yi aikin da maƙwabta ke yi, su yi addu'a, su ƙulla zumunci. An ambace shi Mai Albarka ran 13 ga Nuwamba 2005. Paparoma Faransis ya rufe wasiƙarsa ta 2020 a kan 'yan'uwantakar 'yan Adam da misalinsa, sa'an nan ya sa shi cikin waliyyai ran 15 ga Mayu 2022.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A da mu ake aiko wa masu bishara. Tun da Kadinal Dominic Ekandem ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Waliyyi Bulus a 1977, 'ya'yanmu ma sun shiga tafiya ƙasashen waje da wannan aiki. Da su, da katekis da aka tura ƙauyen da ba a jin harshensa, da kowane ɗayanmu da katanga ɗaya ta raba shi da maƙwabci Musulmi, tarihin nan yana yi mana tambayoyi. Mun koyi harshen mutanen da muke zaune a cikinsu har mun san abin da ke sa su dariya da abin da ke sa su kuka? Mun taɓa cin tuwonsu, mun karɓi naman Sallarsu da hannu biyu, mun bar su sun yi mana jiyya? Ko kuwa mun fi so kullum mu ne masu bayarwa, domin mai bayarwa ba ya sunkuyar da kai? In kuma abokinmu ya tsaya a kan addininsa har mutuwa, abotar za ta tsaya, ko ashe tarko ce muka ɗana?

Mun san waɗannan tambayoyi ba su da sauƙi ga wanda aka ƙone masa gida ko coci, ko ya binne ɗan'uwa bayan tarzoma. Ɗan'uwa Sharl ma wanda ya sani ne ya kira shi ƙofa aka kama shi. Amma a garin nan guda aka sami masu yawon neman nono dominsa, da masu haƙa kabarinsa, da sarkin da ya yi kukansa. A cikinmu ma akwai waɗanda maƙwabci Musulmi ya ɓoye su a ɗakinsa ranar tashin hankali, akwai kuma Kiristan da suka yi wa Musulmi haka. Kada mu bar muguntar mutum ɗaya ta shafe mana alherin mutum goma. Ɗan'uwa Sharl bai taɓa ɓoye gicciyen da ke ƙirjinsa ba, bai kuma taɓa mai da shi sanda ba. Juyar da zuciya aikin Allah ne, a lokacin da ya ga dama. Namu shi ne mu zama maƙwabtan da za a gani a yi sha'awar sanin Ubangijinsu.

Waliyyi Charles de Foucauld, ɗan'uwan kowa, ka yi addu'a dominmu da maƙwabtanmu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.